Daren da kanena ya kwana a kulle babu wanda ya rubuta shi

Malam Edita,

Assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya kara basira. Don Allah ina rokon fili a shafin wasiku in fadi wani abu da ya dade yana cina a rai, na san ba ni kadai abin ya shafa ba, a unguwarmu kadai gidajen da irin wannan ya fada musu sun fi karfin yatsun hannu, kawai dai kowa ya hadiye ne ya barwa Allah.

Ni malamin firamare ne, kanena kuma keke napep yake ja, uwa daya uba daya muke, ni na rike shi tun rasuwar mahaifinmu. Cikin azumin 2025, bayan an sauko daga asham, ya ajiye kekensa ya zauna wajen mai shayi shi da abokansa, ashe a layin baya an yi wa wata mata kwacen waya, sai ga 'yan sintirin unguwa da fitilu da gora suka kwashe duk wanda suka tarar a kan bencin, su bakwai, har da yaron mai shayin da yake wanke kofuna. Suka kai su wani daki da suke amfani da shi a matsayin ofis a jikin katangar sakatariyar karamar hukuma, a nan suka kwana, a nan aka yi musu dukan da har yau kanena baya iya dunkule hannunsa na hagu sosai, in ya dade yana rike da kan keke sai ya tsaya ya yarfe shi. Sai washegari da hantsi aka mika su caji ofis, ya kara kwana biyu a bayan kanta. Ranar da muka fito da shi kudi muka bayar, ga shi an rubuta a jikin bango baro-baro cewa beli kyauta ne, babu rasit, babu kotu, babu ko gutsuren takarda, aka ce ku tafi Allah ya kiyaye gaba. Mu kuma murna ta hana mu tambayar komai, Umma tana gida ko sahur ta kasa yi kwana uku, burinmu kawai ta ganshi.

Da a nan maganar ta tsaya da ban dame ku da wasika ba. Bayan wata biyar aka fara maganar aurensa, yarinyar kirki, gidan mutunci, iyayenta suka shiga bincike kamar yadda aka saba, sai wani ya ce musu ai wannan yaron ya taba kwana a sel kan kwacen waya. Shikenan. Mahaifinta ya aiko a kira ni, na same shi a zaure bayan la'asar yana kan buzu da carbi a hannu, dattijo ne mai magana a hankali, yace min "Malam, ni ban ce dan uwanka barawo bane, amma 'ya ce zan bayar, in gaskiya ne an wanke shi to ai hukuma bata aiki da baki, kawo min takarda in gani hankalina ya kwanta." Nace "Baba in sha Allahu zan kawo." Wallahi na fito daga zauren nan ina jin abu ne na kwana daya.

Sati shida na yi ina zarya. Dan sandan da ya rike maganar an yi masa canjin wajen aiki, wanda ke kanta yace bai san zancen ba, wani yace sai DPO, DPO yana miting, jeka ka dawo, jeka ka dawo, wani ma ya jawo ni gefe yace malam tunda an sake shi me kake nema kuma, kar ka tono abinda zai dame ka. Kanena kuwa ya rame, ya daina zama majalisa, wata rana da daddare yace min "Yaya ka bar wahalar da kanka, in ba rabona bace shikenan." Wannan maganar ce ta hana ni barci.

Wata tsohuwar dalibata wadda yanzu lauya ce ita ta bude min ido. Na kai mata kuka, tace "Malam ai da baki kake tambaya shi yasa, rubutawa za ka yi, akwai doka." Ta dauko min dokar 'yancin samun bayanai, wadda 'yan jarida ke kira FOI, wadda shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu ranar 28 ga Mayu 2011, bayan kudirin ya shafe sama da shekara goma yana yawo a majalisa, har ta taba wucewa a 2007 Obasanjo bai sa hannu ba. Na karbi kwafin na zauna da shi dare biyu, bata da wani tsawo, kuma abinda na gani a ciki ya bani mamaki ya kuma bata min rai, saboda shekara goma sha hudu da yinta ni da nake koyar da yara ilimin zaman kasa ban taba sanin me ta kunsa ba, to ina ga mai faci da mai sayar da ruwa.

Dokar tace kowa yana da hakkin neman bayani ko takardar da ke hannun ma'aikatar gwamnati, kuma ba sai ka fadi dalilin da yasa kake nema ba, wannan na sashe na 1 ne. Tace a baka amsa cikin kwana 7, in takardun da yawa ko sai an yi tuntuba za su iya kara wasu kwana 7 amma sai sun sanar da kai a rubuce, in za su hana ka sai sun rubuto dalili da sashen dokar da suka dogara da shi, in kuma suka yi shiru har wa'adin ya wuce to doka ta dauka sun hana ka ne, kana da kwana 30 ka garzaya babbar kotu. In kotu ta gano an hana ka ba bisa ka'ida ba akwai tarar naira 500,000, wanda kuma ya lalata takarda ko ya sauya abinda ke ciki da gangan kafin ya bayar, daurin da bai gaza shekara daya ba ne a kansa. Kudin da za a karba a hannunka na fotokwafi ne ko na kwafar rubutu kawai. Wurin da yafi taba ni shine inda tace wanda bai iya rubutu ba ko mai nakasa zai iya nema ta hannun wani, kuma in ka je ka fada da baki jami'in da aka dora wa aikin shi zai rubuta maka bukatarka ya baka kwafi. Wato tun farko an yi tunanin irin su Ummata a cikin dokar nan, amma babu wanda ya zo ya gaya mata da harshen da take ji.

Sannan lauyar ta nuna min daya bangaren, cewa shi kansa kamun doka ta wajabta a rubuta shi. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi suka yi nasu irinta, Kaduna a 2017, Kano a 2019, tace duk wanda aka kama a rubuta laifin da ake zarginsa, ranar da aka kama shi da yadda aka yi, cikakken sunansa da sana'arsa da adireshinsa, har hoto da zanen yatsu, a kuma lissafa kayan da aka karba a jikinsa. Tace karshen kowane wata shugaban caji ofis ya kai wa majistare rahoton mutanen da aka kama ba da sammaci ba, majistare kuma ya rika leka wuraren tsare mutane duk wata yana duba littafin kamu. Tace in ba dan sanda bane ya kama mutum, to ya mika shi ga 'yan sanda nan take, ba wai ya kwana da shi ba. Dokar 'yan sanda ta 2020 da Buhari ya sa wa hannu ta sake nanata yawancin wadannan. Tsarin mulki kuma sashe na 35 yace cikin awa 24 a sanar da wanda aka kama dalilin kamunsa a rubuce da yaren da yake ji, a kai shi kotu cikin kwana daya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, wanda aka tsare ba bisa ka'ida ba kuwa yana da hakkin diyya da ban hakuri a bainar jama'a. To ta yaya za ka nemi diyya in baka da shaidar cewa an ma taba kama ka?

Muka rubuta wasika biyu, gajeru, kowacce bata cika shafi daya ba. Daya zuwa ga kwamishinan 'yan sanda ta hannun DPO, daya zuwa ga ciyaman na karamar hukuma, tunda dakin da aka kulle yaran a harabarsu yake kuma kowa ya san daga nan ake ba 'yan sintirin alawus. Kanena ne ya sa hannu tunda bayanin kansa ne, ni na rattaba a matsayin shaida. Muka fadi sunansa, ranar, da kusan karfe nawa, muka ce muna neman kwafin abinda aka shigar a dayari, wato littafin kamu, game da shi kadai, lokacin shiga da lokacin fita da dalilin kamu da yadda aka kare. Lauyar ta ja kunnena kan abu daya, tace kayi kwafi biyu, kar ka baro wajen sai an buga maka sitamfi da kwanan wata da sa hannu a naka kwafin, domin daga wannan ranar ake fara kirga kwana bakwai, in babu sitamfi gobe za a ce ba a taba ganin wasikarka ba.

A sakatariya na sha wahala kafin a karba. Akawun da ke ofishin karbar wasiku ya karanta ya sake karantawa, ya cire tabarau ya dube ni yace "Malam wannan ai dokar Abuja ce, mu nan karamar hukuma ce, bata hau kanmu ba." Kuma gaskiya ba shi ya kirkiro maganar ba, shekara da shekaru jihohi da yawa da wannan suke fakewa, suna cewa sai majalisar jiha ta yi nata, kalilan ne irin Ekiti suka yi tasu tun 2011, har kotunan daukaka kara suka raba gari a kai, na Akure yace ta shafi jihohi na Benin yace bata shafa ba. Amma a watan Afrilun 2025 kotun koli ta raba gardama a wata shari'a da ta taso daga jihar Edo, tace dokar ta hau kan dukkan matakan gwamnati. Na fada masa haka cikin ladabi, nace "ranka ya dade ni ba rigima na zo yi ba, ka karba ka buga min sitamfi, in ya so manya su ce a'a a rubuce." Ya dade yana juya takardar, ya shiga ciki ya fito, sannan ya jawo durowa ya dauko sitamfin, tawadar ma ta bushe sai da ya hura masa iska ya danna da karfi sau biyu. Har yanzu kwafin yana cikin jakar takardun makarantata.

'Yan sanda basu amsa cikin kwana bakwai ba, sai da aka yi kusan sati uku, bayan lauyar ta aika takardar tuni da hatimin ofishinsu, sannan aka kira ni aka miko min shafi daya. An rufe sunayen sauran yaran shida, wanda hakan daidai ne kuma na ji dadinsa, an bar layin kanena, an rubuta an kawo shi bisa zargi, an bincika ba a same shi da komai ba, an sake shi. Na tsaya a bakin gate din hannuna yana rawa. Layi uku ne kacal, amma su na kai wa dattijon nan a zaure, yasa jikansa ya karanta masa ya fassara, yace a sake karantawa, sannan yace "Alhamdulillahi, Malam ka yi hakuri da wahalar da na baka, ku turo magabatanku." An daura auren, yanzu haka amarya tana dakinta.

Sai dai akwai abinda na gani a shafin da ya tsaya min a wuya. Ranar da aka rubuta an kama shi ita ce ranar da aka kai shi caji ofis da hantsi. Daren farko, daren da aka yi dukan, daren da hannunsa ya lalace, babu shi a ko'ina. Karamar hukuma kuma har yau bata amsa a rubuce ba, wani jami'i ne kawai ya ce min da baki wai su basu ajiye irin wannan rikodin, 'yan sintiri 'yan sa kai ne. To in 'yan sa kai ne wa ya basu daki, wa ya basu kwado da mukulli? Ita dokar ta 2011 bata tsaya kan a baka takarda ba, ta wajabta wa kowace ma'aikata ta rubuta ayyukanta ta adana. Mutum bakwai sun kwana a kulle a harabar gwamnati kuma babu ko littafin 40 leaves da aka rubuta sunansu, da daya daga cikinsu ya mutu a daren nan da me iyayensa za su rike?

Kar a fahimce ni ba daidai ba, ni ba makiyin 'yan sintiri bane. Na san halin da muke ciki, na san akwai unguwannin da ba don su ba da babu mai iya fita sallar asuba, wasunsu sun rasa rayukansu suna kare mu, ga kauyuka inda dan sanda daya ma babu. Gwamnatoci da kansu sun koma kafa irin wadannan rundunoni, Katsina ta kaddamar da nata a 2023, Zamfara ta kaddamar da Askarawa a farkon 2024, ga Hisbah a jihohi da dama, ga hukumomin kula da hanya, duk suna tsayar da mutane wasu har su tsare. Yawan masu kamu shine yasa maganar rubutu ta kara zama dole. Littafin nan su ma kariya ne a gare su, domin ranar da aka yi wa dan sintiri sharrin cewa ya batar da wani, shafin da ya nuna karfe nawa ya mika shi kuma wa ya karba shine zai fitar da shi.

Na kuma san dokar tana da iyaka kuma ina goyon bayan iyakar. Sashe na 12 ya basu damar rike abinda zai bata binciken da ake kan yi ko ya tona asirin wanda ya tsegunta musu, sashe na 14 ya kare bayanan sirrin mutum sai da yardarsa. Bana son a wayi gari kowane mai gaba da wani ya je ya kwaso tarihin kamun makwabcinsa ya watsa, mu da muka ga yadda jita-jita kadai ta kusa rusa aure mun fi kowa sanin illar haka. Amma abin da ke min ciwo shine ana jera samari a gaban kyamara tun kafin a kai su kotu, hotunansu su cika Facebook da TikTok, uwa ta ga danta a wayar makwabta, sannan in an sake shi ya dawo neman layi daya da zai wanke shi sai ace sirrin hukuma ne. Legas ta haramta wannan holen masu laifi a dokarta tun 2021, ya kamata majalisun jihohinmu su duba. In akwai abin boyewa a shafi a rufe shi a bada sauran, dokar ma haka tace, kuma na gani da idona ana iya yi.

Rokona gare ku Malam Edita, ku fassara dokar nan zuwa Hausa ku rika buga ta kadan kadan, ku buga samfurin wasikar nema wanda mutum zai kwafa ya cike sunansa, gidajen rediyo su dauka su karanta don wadanda basa karatu. Sannan wakilanku su gwada da kansu, ba sai sun nemi sunan kowa ba, su rubuta wa kananan hukumomi da caji ofis su tambayi mutum nawa aka tsare a wata uku, nawa aka kai kotu, nawa aka saki, sau nawa majistare ya leko, ku buga wanda ya amsa da wanda ya yi shiru. Ni talaka ne ana iya yi min jeka ka dawo, jarida kuwa ana jin nauyinta. Kungiyar lauyoyi da hukumar bada tallafin shari'a kyauta su ma su taimaka, don ba kowa ne ke da tsohuwar daliba lauya ba, kuma kudin shigar da kara a babbar kotu ya fi karfin mai jan keke. Ciyamomi kuma don girman Allah ku sayi littafi da biro ku ajiye a kowane ofishin sintiri, ku sa mutum daya ya rika rubuta suna da lokaci da wanda ya kawo da wanda ya karba, mai unguwa ko dagaci ya rika sa hannu duk sati.

Mu dai kwana 30 din zuwa kotu sun wuce mana a karon farko saboda hidimar biki da rashin kudi, don haka lauyar tace mu sake sabuwar wasika. Ranar Litinin da ta wuce na mayar da ita sakatariya, akawun nan ya gane ni, wannan karon bai yi musu ba ya buga sitamfin. Biyu daga cikin iyayen sauran yaran sun ce su ma za su rubuta tasu, mahaifin yaron mai shayi ma ya zo har gida na rubuta masa ya dangwala yatsa. Yau kwana hudu kenan muna kirgawa.

Na gode, Allah ya bar zumunci.

Naku,
Wani malamin firamare, mai karanta jaridarku kullum